Na je Yankaba, na dawo da kwando guda da ɓacin rai

Ranar Asabar uwargida ta ce ita fa ta gaji da tsadar mai kayan miyan bakin layinmu, don haka ana idar da sallar asuba na nufi Yankaba. Rabona da kasuwar nan ya fi shekara huɗu, alhali a Kano nake kwana nake tashi. Abin kunya ne, amma gaskiya ce.

Tun daga bakin titin Haɗejia warin albasa ke tarbar mutum. Motoci sun kwana suna sauke kaya, 'yan dako na ta "hanya, hanya!" da kwando a ka, dillalai na ciniki kamar za su ba hamata iska, can sai ka ji an ce "an sallama" kowa ya washe baki. Ga attaruhu, ga tattasai, ga kabeji da karas har da laimarsu, ga dankalin Turawa daga Filato. Na tsaya wurin wani dattijo na ce, "Baba, wannan tumatirin na ina ne?" Ya ce, "Na Kadawa ne ɗana, jiya aka tsinko shi."

Kadawa, Kura, Bunkure, Garun Malam, duk ruwan Tiga suke sha, madatsar da aka gina tun zamanin Audu Bako. Yawancinmu da ke cika ciki da miyar dage-dage ba mu taɓa taka ƙafa can ba.

Abin da ya tsaya mini a rai yana bayan rumfuna. Tulin tumatir ne ya ruɓe, ƙuda na biki a kai. Ana ɗora kwando kan kwando a mota, na ƙasa ya matse tun a hanya, wanda ya tsira kuma in ya kwana biyu a zafin nan sai juji. Manomi ya sayi taki, ya sayi man injin ban ruwa, ya yi ta fama har wata uku, ƙarshe dole ya sallama a yadda aka taya, don kayan gwari ba ya jiran kowa. A gidana kuwa, a ranar, akwai tumatirin leda a kicin, wanda galibi daga China ake shigo da markaɗensa. Ko kamfanin sarrafa tumatir da aka buɗe a Kadawa a 2016, shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonaki, buɗewa da rufewa ya yi ta yi.

Kullum gwamnati muke zagi, kuma tana da nata laifin. To mu fa? Iyayenmu ba su da firji, amma in kaya ya yi araha da rani sukan yanka su shanya, su yi kauɗa, damina ta zo ta wuce miyarsu ba ta canja ba. Yanzu kauɗa ta zama abin 'yan ƙauye. Sai watan Yuni ya kama, tumatir huɗu ya gagari talaka, mu hau Facebook muna kuka.

Kwando guda na saya, ɗan dako ya kai mini bakin titi. Da yamma ni da yara muka zauna muka yanka rabi, muka baza a tabarma a saman bene. Uwargida dai har yanzu ba ta ce komai ba, kallona kawai take yi.