Kumasi ba Tek kaɗai ba ce

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WASSCE ta kammala sakandare ya fito, tambaya guda ce ke yawo a gidajenmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango: "Ya samu Tek?" wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, a Ghana. Ba a cika tambayar abin da yaron zai karanta ba, balle a tambayi aikin da karatun zai kai shi gare shi. Idan an ce ya samu sai a yi barka, idan an ce bai samu ba sai a yi jaje kamar an yi rashi. Wannan ɗabi'a tana damuna ƙwarai, domin na ga yadda take cinye shekarun 'ya'yanmu, alhali yankin Ashanti cike yake da manyan makarantu waɗanda ba mu taɓa zama mun auna su da juna ba.

Shekara uku da suka wuce ƙanwata ta zo mini bayan la'asar da takardar sakamakon ɗanta a naɗe cikin jakarta. Yaron ya samu agirigeti 19. Ga wanda bai san lissafin ba, darussa shida ake haɗawa, A1 maki ɗaya ne, saboda haka 6 ita ce ƙololuwa, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon kyawunta. Da 19 ba a shiga karatun injiniya a Tek, wannan kowa ya sani. Amma yaron nan tun yana ƙarami duk hutunsa a Magazin na Suame, unguwar garejojin gyaran motoci, yake ƙarewa, hannunsa baƙi ƙirin da man inji, yana iya kwance giyar mota ya mayar. Na ce mata a saya masa fom na Jami'ar Fasaha ta Kumasi, wadda har yanzu muke kira Poli. Ta dube ni ta ce, "Haba Yaya, Poli kuma? Me zan faɗa wa mutane?" Haka ya zauna shekara guda a gida, aka biya kuɗin darasi da na jarrabawar gyara, 19 ta koma 17, ƙofar da ake jira ba ta buɗu ba.

Kada a ɗauka ina rage wa Tek daraja. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, kuma Asantehene Otumfuo Osei Tutu II ne ubanta. A fannin likitanci da haɗa magunguna da zanen gine-gine da injiniya babu makarantar da ta kama ƙafarta a wannan yanki. Ɗalibanta na likitanci a asibitin Komfo Anokye suke gogewa. Yaron da sakamakonsa ya kai ga irin waɗannan, a sayar da abin da za a sayar a kai shi. Abin da nake ƙi shi ne a tura yaro ya karɓi ko wane kwas aka miƙo masa, wanda bai so ba kuma bai san inda zai kai shi ba, don kawai a ce a Tek yake. Sannan a sa kuɗin ɗaki a lissafi, domin ɗakunan cikin jami'ar ba sa isar ɗalibai, kuma abin da ake biya a gidajen haya na Ayeduase da Kotei sau da yawa yakan fi kuɗin makarantar kansa nauyi.

Ita kuwa Poli da muke rainawa, tun 1954 take, kuma a 2016 aka mayar da ita jami'ar fasaha, tana ba da digiri baya ga takardar HND, wato babbar difloma, da aka san ta da ita. Tana tsakiyar gari, ɗan Asawase zai iya kwana gidansu, ya ci tuwon uwarsa, ya shiga trotro ya isa aji da safe. Ga gidan da ke da yara biyar a makaranta, wannan kaɗai bambanci ne tsakanin a gama karatu da a tsaya a hanya. Akwai kuma jami'ar da ke Tanoso da Mampong, wadda a da reshen Jami'ar Ilimi ta Winneba ce, aka ba ta cin gashin kanta a 2020 da sunan Akenten Appiah-Menka. Aikinta horar da malaman sana'a: ɗinki da girki da aikin katako da lantarki da lissafin kuɗi, a Mampong kuma noma. Mu da zangonmu ya cika da 'yan mata masu keken ɗinki, ban ga dalilin da zai sa sunan wannan makaranta ya zama baƙo a bakinmu ba.

Amma inda zuciyata ta fi karkata shi ne kwalejojin horar da malamai. Tun 2018 karatunsu ya koma shekara huɗu, digirin ilimi ake fita da shi, ba difloma ba kamar da. Ga Wesley a cikin Kumasi, wadda ta taso daga Aburi ta dawo nan a 1924, ga St. Louis ta mata, ga St. Monica a Mampong da ta Agogo, su ma na mata. Ga Offinso da Akrokerri. Ɗalibi yana samun wurin kwana, ga alawus da gwamnati ke bayarwa, ko da yake yakan yi jinkiri, kuma ɗaukar aiki bayan an gama ba ya zuwa da wuri kamar yadda iyayenmu suka saba gani. Duk da haka ku shiga makarantunmu na Islamiyya da ke ƙarƙashin gwamnati ku ƙirga malaman lissafi da kimiyya da suka fito daga zango. Za ku tarar ba su da yawa. Muna kukan cewa yaranmu ba sa ci gaba, amma ba mu yarda 'ya'yanmu masu ƙoƙari su riƙe alli ba, sai wanda ya rasa ko'ina. Yaro ɗan aji uku da bai gane darasi ba, idan malaminsa ya iya juyawa ya yi masa bayani da harshen da ake yi masa magana a gida, ya tsira daga abin da ke sa da yawa su yanke ƙauna tun suna ƙanana.

Na san abin da ke tsayar da iyaye, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin kwalejojin nan coci-coci ne suka kafa su, uba kuwa yana da haƙƙin ya san ko 'yarsa za ta samu wurin salla, ko za a bar ta da hijabinta, da yadda za ta yi da azumi. Maganin wannan shi ne a taka a je a tambaya, a kuma nemi Musulmin da suka yi karatu a wurin a ji daga bakinsu, ba a yanke hukunci daga zaure ba. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, akwai kwalejin Al-Faruq ta Musulmi a Wenchi, sai dai ita tana yankin Bono.

Makarantar koyon jinya da ungozoma da ke jikin Komfo Anokye ba ta buƙatar talla a wurinmu, amma a gaya wa yarinya gaskiya tun farko cewa akwai masu shekaru suna jiran a tura su aiki. Jami'o'i masu zaman kansu irin su Garden City a Kenyase suna da amfani ga mai aiki ko mai shago da ke son karatun yamma ko na ƙarshen mako, in aljihu zai ɗauka. Sharaɗi guda: kafin a biya ko sidi ɗaya a duba ko hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta amince da makarantar da kuma shi kansa kwas ɗin. Wani maƙwabcina ya zuba kuɗin shekara biyu a wata makaranta da ke saman shaguna, daga baya ya gane takardarta ba ta shiga ko'ina.

Ɗan ƙanwata dai daga ƙarshe ya shiga Poli, yanzu yana shekara ta biyu a sashen injiniya. Ranar Asabar yana Magazin wurin maigidansa, abin da ya samu da shi yake biyan kuɗin mota da na takardu. Kwanaki ya kawo mini wani zanen inji da ya yi da kwamfuta, ya ce, "Kawu, abin da nake kwancewa da hannu yanzu na san dalilin da ya sa aka ƙera shi haka." Ƙanwarsa ce ke jiran sakamako bana. Uwar da kanta ta kira ni ta ce in shirya rana mu je St. Louis da Tanoso tare da yarinyar, mu ga ɗakunan kwana, mu tambayi zancen hijabi da wurin salla kafin a sayi fom.