Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba

A garuruwanmu, mutum bai gama cewa cikinsa na damunsa ba an yanke masa hukunci: olsa ce. Mai kemis ya miƙo farin ruwan nan mai kauri, a hana shi yaji da tsami, shi ke nan. Na san wata baiwar Allah mai ciwon suga da ta shekara uku a haka. Loma biyar ta tuwo, sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi, can cikin dare ta amayar da abin da ta ci tun azahar. An zura mata kyamara ta maƙogwaro, ba a ga gyambo ba. Daga nan dangi suka koma cewa tunani ne, wasu suka ce iska.

Tumbi yana da bugunsa, kamar zuciya. A jikin bangonsa akwai wasu ƙwayoyi masu ɗauke da sunan masanin Sifen, Ramón y Cajal, waɗanda ke tayar da lantarki kusan sau 3 a minti ɗaya. Wannan bugun ne ke tsara yadda tumbi zai matse ya tura abinci zuwa hanji. Suga idan ya daɗe yakan lalata ƙwayoyin da jijiyoyin da ke tare da su, abinci ya kwana a wuri guda. Kyamara kuwa bango take gani, lantarkin ya fi ƙarfinta.

Shi ya sa nake girmama aikin injiniyoyi da likitocin tiyata na Jami'ar Auckland a Niyu Zilan. Sun yi shekaru suna zana taswirar wannan lantarki, har suka fito da wani faifai mai laushi da ake mannawa a kan fatar ciki, mai wurare 64 na ɗaukar sigina. Mara lafiya ya ci abinci, ya zauna 'yan sa'o'i yana rubuta abin da yake ji, na'ura na auna bugun. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Gastric Alimetry, sunan na'urar ke nan.

Za ta daɗe kafin ta iso asibitocinmu, kuma aunawa ba warkarwa ba ce. Amma a ganina ilimin ya riga na'urar isowa. Likitan da mai suga ya zo masa da saurin ƙoshi da kumburin ciki zai iya tambayar yaushe aman ke zuwa, kuma me ke fita, ya ba da shawarar cin abinci kaɗan-kaɗan mai laushi marar maiƙo, kafin ya rubuta kwalba ta goma ta maganin olsa.