Mai hula uku ya fara raba kofin bana

Kakar besbol ta 2026 ta kama, kuma tun ba a jefa ƙwallon farko ba wani bawan Allah ya riga ya raba kofi ya miƙa wa wanda ransa ke so. Ban kira suna ba. Wanda ya tsargu shi ya san abin da ya taka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune a gidan abincin da muka saba haɗuwa nan Bronx a birnin New York, kowa da farantin shinkafa da wake a gabansa, sai ga shi ya shigo da sabuwar hana-sallah shuɗiya mai LA a goshi. Ko takardar da ke manne a bakin hular bai ɓare ba. Ya ja kujera, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce wai ƙungiyarmu ta Yankees ta mutu saura jana'iza, wai Dodgers ta Los Angeles, mai tambarin LA, za ta ɗauki kofi karo na uku a jere, mu daina wahalar da kanmu. Na yi shiru ne don akwai dattawa a wurin, amma maganar ta tsaya mini a wuya.

Jama'a, wannan hula ita ce ta uku da na gani a kansa cikin shekara biyu.

Daren 30 ga Oktoba 2024 tare muka ji wasa na biyar na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, tsakanin Yankees da Dodgers, a cikin motata. Na ajiye ta a gefen titi, ba nisa da filin Yankees, jirgin ƙasa mai lamba 4 yana ta rugugi a samanmu, na ƙure muryar rediyo. Muna gaba da ci 5 da nema. A zagaye na biyar ƙwallo ta kuɓuce daga hannun Aaron Judge, Volpe ya yi mugun jifa, Gerrit Cole bai ruga ya tsare tasha ta farko ba, kafin ka ce kwabo Dodgers ta farke duka biyar. Aka tashi 7 da 6, suka ɗaga kofi a cikin gidanmu. A daren nan hular NY ta Yankees ce a kansa, har yana dafa kafaɗata yana cewa mu ne 'yan ga-ni-kashe-ni, baɗi tamu ce.

Baɗin ba ta zo ba ya sauya sheƙa. A watan Disamba ɗan wasanmu Juan Soto ya tsallaka unguwar Queens, ya sa hannu da Mets, ɗaya ƙungiyar New York, kan dala miliyan 765 na shekara 15, sai mutuminku ya bi shi da hula mai ruwan lemo. Da Mets ta kai tsakiyar Yuni tana da nasara 45 da faɗuwa 24, babu wadda ta fi ta a duk ƙungiyoyi 30, ba mu ƙara shan ruwa da daɗi ba saboda bakinsa. Ƙarshenta fa? Ta gama kaka da 83 da 79, Marlins ta doke ta ranar ƙarshe a Miami, ko wasannin Oktoba na neman kofi ba ta leƙa ba. Tun daga ranar hular ta yi ɓatan dabo, ba mu sake ganinta ba.

Ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa bai san abin da ake nufi da wasa 162 ba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba kusan kullum ana fili, yau sanyin da ke daskarar da yatsu, gobe zafin Agusta, jibi jirgi zuwa wancan ƙarshen Amurka. Gwiwar hannun mai jifa guda ta tsinke, lissafin shekara ya rushe. Mu mun gani da idonmu bara, da aka yi wa Cole tiyata a watan Maris bai jefa ko ƙwallo ɗaya ba duk kakar. Duk da haka muka ci wasa 94, daidai da Toronto. A masu jifa, Max Fried ya ɗauki kayan ya ci wasa 19, Rodón ya ci 18. Judge ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 53, ya kuma fi kowa yawan dacewa da bugu, aka sake ba shi gwarzon shekara. Sai kuma yaron nan Cam Schlittler, wanda a wasan raba-gardama da Boston ya yi zagaye 8 ba a ci shi ko ɗaya ba, ya kori masu bugu 12. Ƙungiyar da ke da waɗannan, ga Cole ana jiran dawowarsa, ita ce wani ke karanta wa fatiha.

Ba na ɓoye ciwonmu. Rabonmu da kofi tun 2009, kuma kofuna 27 da ke ajiye ba sa cin wasan gobe. Toronto ta fitar da mu bara da 3 da 1, ta kuma cancanta. Tsaron filinmu yana da sakaci, masu jifan ƙarshen wasa sun sha zubar mana da abin da muka riga muka dafa. Idan bana ba a gyara waɗannan biyun ba, za mu sake kuka a Oktoba. Ni ina da bakin faɗar haka, domin ni ne nake kashe rediyo da ƙarfe ɗayan dare zuciyata na tafasa, gari ya waye in sake kunnawa.

Dodgers kuwa ba na raina ta, kuma ina girmama masoyanta na asali da suka yi haƙuri daga 1988 har 2020. Tana da Shohei Ohtani, mai jifa kuma mai bugu, wanda a 2024 ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau 54 ya saci tasha 59. Tana da Yamamoto, wanda a World Series na bara ya yi jifa a wasa na shida da Toronto, washegari ya sake fitowa ya rufe na bakwai. Amma mai sabuwar hula ya tambayi waɗancan masoyan yadda cikinsu ya ɗuri ruwa a daren. Saura mutum biyu a fitar musu kofi ya tafi Kanada, sai Miguel Rojas, wanda ba a sa masa ran komai, ya farke a zagaye na tara, Will Smith ya ƙarasa a na 11. Da ƙyar da jiɓin goshi aka sha. Uku a jere da yake ta rerawa kamar sayen goro, ƙungiyar ƙarshe da ta yi shi ita ce wadda ya ce ta mutu, daga 1998 zuwa 2000.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara. Akwai samari biyu da ke zama kusa da mu, sun fara son wasan nan, suna tara kuɗin tikitin kujerun can sama. Ranar nan na ga ɗaya ya cire hularsa ta NY ya cusa a aljihu saboda dariyar da aka yi masa. Na kira shi gefe na ce, ɗana, mayar da hularka, ni zan kai ka fili da kaina.

Na riga na saya mana tikiti biyu na wasan farko da za mu yi da Boston a gida. Tawa hular ta koɗe, gumi ya zana mata farin layi a goshi, ita zan sa. Shi kuma mai hula uku kujerarsa na nan a gidan abinci, kuma na rubuta ranar da ya yi maganar a bangon littafin da nake lissafin man mota.