Almakashin Baba da Cajar Maƙwabcina

Baki shi ke yanka wuya. Mun je gaida Baba, mahaifin maman yara, ya fito da almakashin nan nasa na tela da ya gada, ya yi tsatsa har ba ya buɗuwa, sai kawai na ji bakina yana cewa, "Baba, ku kawo shi, da wutar batir ake mayar da tsatsa ƙarfe." Na taɓa ganin an yi a bidiyo. Bokitin roba, ruwa, sodar wanki, guntun rodi, da cajar batir mai bolt 12. Baƙar waya a jikin abin da za a wanke, jar waya a jikin rodin da za a sadaukar. Ko yaro zai iya.

Caja ce ba ni da ita, sai na ara wajen maƙwabcina. Kun san shi ai. Mutumin da babu wani abu nasa da bai naɗe da baƙin salatif ba: rediyo, tocila, ƙafar tabarau, har takalmi na taɓa gani. To wayoyin cajar ma duk biyun ya naɗe su tun daga tushe har baki, babu ja babu baƙi. Na ce, "Malam, wacce ce jar?" Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Ta dama." Damar wa? Tasa da yake fuskantata, ko tawa? Ko ta cajar, wadda ita ma ba a gane gabanta da bayanta saboda salatif? Har yau cewa yake ya faɗa mini gaskiya.

Na haɗa, na kunna, ruwa ya fara kumfa. Na tara yara na yi musu bayani cewa iskar haidirojin ce ke tashi, kada wanda ya ƙyasta ashana a wurin. Na lura kumfar ta fi yawa a jikin rodi, na ce a raina, yawwa, yana shan wuya, dama aikinsa ke nan. Na je na kwanta.

Da safe Baba da kansa ya zo, abin da bai saba ba, da Autansu a bayansa. Ruwan bokiti ya koma ja-ja, ga wata dauɗa tana yawo a sama. Don in ja musu rai, sai na fara ciro rodin. Ya fito baƙi ƙirin, na goga masa tsumma, sai ga ƙarfe tas, tsatsar duk ta saki.

Baba ya ce, "Masha Allah! In rodi ya yi haka, ina ga almakashi?"

A nan cikina ya ɗuri ruwa. Rodin bai kamata ya yi kyau ba. Amma hannuna ya riga ya kama ɗaya wayar, kuma ido ya yi mini yawa: Baba, Auta, maman yara daga bakin ƙofa, da maƙwabcin da ya leƙo ta katanga wai ya zo duba lafiyar cajarsa. Na jawo a hankali. Hannun almakashin ya fara fitowa, da dama-dama. Sai sauran. Jar laka ta lulluɓe shi yana ɗiga. Na goga tsumma, na ƙara gogawa, ina fatan ƙarfe na ƙasa. Ƙarfen na nan, amma duk ramuka, bakin kuwa kamar ɓera ya kwana yana gwaigwaya. Ga ni a durƙushe, almakashi a hannu, ruwan tsatsa na bin gwiwar hannuna yana shiga rigata, na rasa inda zan ajiye idona.

Baba ya karɓa, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ce, "Ba komai." Ya ɗaga shi sama ya duba. Ya ce, "Ba komai, Malam." Wallahi gara a zage ni.

Sai Auta, wanda jiya-jiya nake saya wa fensir, ya gyara murya. Wai, "Yaya, ai juya wayar ka yi." Wai tsatsa ba komai ba ce illa ƙarfe ya saki ilektron ɗinsa ya haɗu da oksijin a inda akwai danshi, jar waya kuma aikinta ke nan, zuƙe ilektron, don haka aikin da damina za ta yi shekaru tana yi na gama shi a dare ɗaya. Kumfar da na gani a rodi ma, wai haidirojin a baƙar waya take fita, kuma ta ninka oksijin sau 2, da na duba da na gane. Na harare shi, bai gani ba. Ya ci gaba wai ko da na haɗa daidai, iyakaci tsatsar ta saki, wata ta koma baƙa, amma ramin da ta ci ba ya cikowa, don tsatsa kumbura take ta ɓare ta tafi da ƙarfen. Mai son ya ƙwace ƙarfe daga hannun oksijin sai ya nufi tanderun masana'anta, inda gawayin kwal ke janye ta, ƙarfe zalla kuma sai zafi ya kai digiri 1538 yake narkewa.

"Ko za ka hura mana a bokitin, Yaya?"

Maman yara ta shige ɗaki da sauri, ina jin dariyarta ta taga. Baba bai yi dariya ba. Ya naɗe almakashinsa a hankici, ya miƙe, sannan ya nuna rodin ya ce in ba na buƙata zai tafi da shi, ya yi kyau. Na ɗauka na bi shi da shi har mota.

Shi kuma na katanga, da yamma ya aiko yaro wai a ba shi cajarsa, kuma wai salatif ɗin waya ɗaya ya jiƙe ya ɗaga, in sayo sabo. Na ɗaga na duba ƙarƙashin. Shuɗiya ce. Ban sayo ba tukuna.