Sabon famfon mai a motar da aka ƙara wa ƙarfi: sai an sake tiyunin?

Jama'a, akwai tambayar da ba ta ƙarewa tsakanin masu ƙara wa mota ƙarfi. Mutum ya cire famfon mai na kamfani ya sa babba irin Walbro 255 ko AEM 340 (lambar ita ce litar da yake turawa a awa), sai ya fara tunanin ko dole ya koma wurin mai tiyunin a sake saita masa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji. Wasu su ce dole ne, wasu su ce asarar kuɗi ce kawai. Ra'ayina shi ne, canjin famfo shi kaɗai ba ya wajabta tiyunin. Abin da ke wajabta shi shi ne canjin ƙarfin turin mai a bututun da nozuloli suke sha. Kuma wannan ba a gane shi da kunne ko da hasashe, geji ake ɗaurawa a auna.

Mutane da yawa sun ɗauka babban famfo yana ɗura wa inji ƙarin mai. Ba haka abin yake ba. Famfo aikinsa ya ɗebo mai daga tanki ya kai gaba. Wanda ke yanke yawan man da zai shiga inji shi ne nozul, bisa tsawon lokacin da birenbos ta ba shi ya buɗe, da kuma ƙarfin turin da ke bayansa. Shi kuma turin, regileta ce ke riƙe shi. A motoci da yawa tana riƙe shi a bar 3, wato psi 43.5, wasu injinan GM kuma a bar 4, psi 58. Duk rarar man da famfo ya kawo, regileta ta mai da shi tanki. Saboda haka in turin yana bar 3 kafin canji, ya kuma tsaya a bar 3 bayan canji, nozul bai ma san an taɓa komai ba, kuma lissafin da ke cikin birenbos yana nan daidai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, regiletar kamfani an yi ta ne daidai da famfon kamfani. Ƙofar da take mayar da mai ta cikinta ƙarama ce. Ka sa famfo mai tura lita 340 ko 450 a awa, a lokacin da mota ke silo injin kuma ba ya shan abin kirki, kusan dukkan man nan sai ya nemi komawa ta wannan 'yar ƙofa. Ba ta iya ɗauka, sai turin ya hau. Lissafinsa kuwa sananne ne: daga bar 3 zuwa 3.5, man da nozul ke fesawa yana ƙaruwa da kamar kashi 8 cikin 100. In ya kai bar 4, ƙarin ya haura kashi 15. Daga nan sai ka ji warin ɗanyen mai a salansa, fulogi ya yi baƙi, silo yana rawa, shan mai ya ƙaru, wata rana kuma sikana ta nuna maka P0172, lambar da ke nufin mai ya yi yawa.

To a nan ne wasu ke garzayawa a yi musu tiyunin, kuma a ganina kuskure ne. Wannan ciwon ƙarfe ne, ba na lissafi ba. Turin da ya hau a silo ba ya zama wuri ɗaya. Da ka taka totur inji ya fara sha, sai ya sauko inda ya kamata. Mai tiyunin da ya rage mai don ya ɓoye matsalar yana bin abin da ke motsi ne, yau daidai gobe ba daidai ba, musamman da yake ƙarfin wutar batir ma yana canza gudun famfon. Maganinsa regileta mai ƙofa babba wadda ake iya saitawa, a duba bututun komawa ko ya matse ko ya lanƙwashe, a mai da turin inda kamfani ya ajiye shi. Ko kuma, wanda ya fi sauƙi, tun farko kada a sayi famfon da ya fi ƙarfin buƙata.

Bari a yi lissafin buƙatar. Injin turbo mai shan fetur yana cin kamar fam 0.6 na mai a awa kan kowane ƙarfin doki ɗaya. Doki 400 ke nan fam 240, kimanin kilo 109, wato lita 145 zuwa 150 a awa. Sai dai kada ka ga an rubuta 255 a kwali ka ce ai da saura da yawa. Wannan adadin an auna shi ne a turi kusan bar 3 da cikakkiyar wuta. Idan turbo na hura bar 1.5, regileta za ta ɗaga turin mai zuwa bar 4.5, kuma duk famfo in turi ya hau yawan man da yake kawowa raguwa yake yi. Takardar famfon na gaske tana da jadawalin da ke nuna hakan, a nan za ka duba. Duk da haka, ga motar da ba ta wuce doki 300 zuwa 350 ba, 255 ya isa har da rara. Sa mata 450 kamar ɗaura wa tukunyar shayi injin ban-ruwa ne: zafi zai ƙara wa man tanki, ya ja wuta, ya dame regileta.

Yanzu ga inda tiyunin ke zama dole, kuma na farko shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Idan an yi wa motar tiyunin a lokacin da tsohon famfo ya riga ya gaza, to akwai matsala a kwance. Turin yana faɗuwa a saman gudu, mai tiyunin ya ga mai ya yi ƙaranci, sai ya ƙara wa nozul lokacin buɗewa don ya cike giɓin. Ranar da ka sa famfo mai lafiya turin ya daina faɗuwa, wancan ƙarin yana nan a birenbos, sai mai ya yi yawa daidai inda kake neman ƙarfi. Mota ta yi nauyi a sama, ta yi hayaƙi. Kada kuma ka dogara da cewa birenbos za ta gyara kanta. Tana gyara da taimakon sensar iskar salansa a silo da tafiyar hankali, amma a motoci da yawa, musamman tsofaffi, da ka danne totur har ƙasa tana daina sauraron sensar ta koma bin abin da aka rubuta mata.

Sauran a bayyane suke. In ka canza nozuloli zuwa manya, tiyunin ba makawa, don birenbos na buƙatar sanin girmansu da jinkirin buɗewarsu. In ka ɗaga turin da gangan, haka. In ka ƙara hurin turbo don yanzu kana da man da zai ɗauka, haka. Man E85 da ake sha a Amurka, wato fetur da aka cakuɗa da ethanol mai yawa, yana buƙatar ƙarin kusan kashi 30 cikin 100, shi ma sai da saiti.

Akwai kuma motocin da ba su da bututun komawa. Wasu, irin Corolla da Camry na shekarun 2000, regiletar tana cikin tanki tare da famfon, tana riƙe turi ɗaya ko da yaushe. In an ɗaura wa irinsu turbo, turin mai ba ya hawa tare da hurin iska, don haka ƙarfin fesawar nozul yana raguwa daidai lokacin da ake buƙatarsa, kuma babban famfo ba ya warkar da wannan. Wasu kuma, kamar Mustang na 1999 zuwa 2010, birenbos ce ke juya gudun famfon ta wata 'yar na'ura bisa abin da sensar turi ta faɗa mata. Jadawalin da ke ciki na famfon kamfani ne, shi ya sa canji a irin waɗannan yakan buƙaci a taɓa saitin. Masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, irin Golf GTI ko BMW 335i mai injin N54, famfo biyu gare su: na tanki, da na kan inji mai turi sama da bar 100. Canza na tanki ba ya ƙara komai a na sama in dai tsohon bai gaza ba, kuma babban famfon kan inji ba ka cin moriyarsa sosai sai an saita birenbos ta nemi ƙarin.

Wani abin da ke kashe aikin nan, wanda ake ɗora wa tiyunin laifinsa alhali ba ruwansa, shi ne waya. Manyan famfuna irin 450 suna iya jan amfiya 15 zuwa 20, wayar kamfani kuwa siririya ce. Altaneta na ba da bolt 14, amma a bakin famfo ka auna ka tarar da 11 da 'yan kai, soket ya yi zafi har ya narke. A sa riwaya ya ja waya mai kauri daga batir, a sa fiyus kusa da batir ɗin, a sa rile, a gyara wayar ƙasa. In motar tana da na'urar juya gudun famfo, a yi tunani kafin a tsallake ta, don famfon zai koma gudu a ƙure ko a silo, matsalar regileta ta dawo. Tiyon da ke cikin tanki kuma dole ya zama mai jure zama cikin fetur, wanda aka buga wa SAE J30R10. Wanda aka yi don wajen tanki in ya jiƙa yakan kumbura ya tsage, mai ya riƙa zuba cikin tanki ba ka gani, turi yana faɗuwa. A sa sabuwar rariya, a wanke tankin in da laka, don fetur ɗinmu ba ya rasa datti. Jabun Walbro kuma sun cika kasuwa, arharsu ce ke fara tona su.

Yadda ya kamata a yi aikin: tun kafin a kwance komai a ɗaura geji, a rubuta turin a silo da tiyon iskar regileta a jone, a cire shi a sake rubutawa. A sa sikana a rubuta gyaran man da birenbos ke yi, na gajeren lokaci da na dogo. Sannan a zare fiyus ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa don turin ya sauka, a cire kan batir, a yi aiki a sarari nesa da wuta. Bayan an haɗa, a maimaita awon nan duka. In turin ya yi daidai da na baya, gyaran man kuma yana tsakanin kashi 5 sama ko ƙasa, ka tsallake rabin jarrabawar. In ya wuce 10, akwai abin bincike.

Ɗaya rabin sai a kan hanya marar cunkoso ko a kan na'urar gwajin ƙarfi, da gejin cakuɗin iska da mai. A giya ta uku a taka daga ƙasa har sama, wani na gefe yana kallon geji. A motar da ke da bututun komawa, turin mai ya riƙa hawa kafaɗa da kafaɗa da hurin turbo, bar ɗaya na iska bar ɗaya na mai. Cakuɗin ya tsaya wajen 11.5 zuwa 12 na iska kan kowane ɗaya na mai, nozuloli kuma kada aikinsu ya wuce kashi 85. In ya gangara zuwa 10, a koma wurin mai tiyunin ya rage. In ya haura 13 turbo na hurawa, a ɗage ƙafa nan take, don a nan fistin ke narkewa.