Ruwan da ya shiga gona, wa ke da alhakin fitar da shi?

Shekarata shida kenan a Masar, karatu ne ya kawo ni, amma ni ɗan manomi ne daga wajen Kura, duk inda na ga kore sai ƙafata ta tsaya. Hutun da ya wuce wani abokin karatuna ya ja ni ƙauyensu a Sharƙiyya, can bayan Zagazig, muna tafiya a gonar alkamar babansa sai na ga wani murfin siminti a tsakiyar gona kamar bakin rijiya. Na ce Ammu (wato baffa da Larabci) wannan fa? Dattijon ya yi dariya ya ɗaga min, wallahi ruwa ne ke gudu a ƙasa cikin bututu, wai sunansa sarf mugaɗɗa, wato magudana rufaffiya. An binne ƙananan bututai masu huji a ƙarƙashin gonar gaba ɗaya, suna tsotse ruwan da ya yi yawa su zuba a babban bututu, shi kuma ya kai babbar kwata da suke kira masraf.

Su ma fa ba wayo suka fi mu ba, wuya ce ta koya musu. Da can ambaliyar Nilu ce ke zuwa duk shekara ta wanke gishirin ƙasa ta tafi, da aka gama dam ɗin Aswan a 1970 ambaliya ta tsaya, aka koma ban ruwa rani da damina ba hutu, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, gishiri ya fara fitowa fari fat a saman gona, amfani ya ja baya. A 1973 suka kafa hukuma guda wadda aikinta kenan kawai, fitar da ruwa daga gona, kuma yanzu ana maganar fiye da fadan miliyan 5 da aka yi wa wannan aikin, fadan ɗaya ya ɗan ɗara eka kaɗan. Abin da ya fi burge ni shi ne kuɗin. Gwamnati ce ke binne bututun amma ba kyauta ba ne, manomi zai biya a hankali cikin shekara 20 ba kuɗin ruwa a kai. Wanda yake biyan abu ai ba ya zuba ido ya lalace, yana ganin ruwa ya kwanta zai tafi ofis da ƙafarsa ya ɗaga murya, kuma ya san ƙofar da zai buga.

To mu fa a gida? Dam ɗin Tiga tun 1974 yake, kanal ya ratsa Kadawa, Bunkure, Garun Malam, Kura, arziki ne babba ba mai musu, tumatir da shinkafar da ake lodi a nan kowa ya sani. Amma duk rigimarmu a kan ruwan shiga take, yaushe za a saki ruwa, wa ya tare wa wani, wa ya fasa kanal da dare. Ban taɓa jin an yi taro don magudana ba tun ina yaro. Ta bayan gonarmu akwai wadda aka haƙa tun farkon aikin, yanzu rabinta kachala ta cinye, rabin kuma wani maƙwabci ya cike da ƙasa ya dasa shinkafa a ciki, wai ai fili ne ba mai shi. Kawuna ya je wani ofis ya kai ƙara, aka ce aikin ƙungiyar manoma ne, ƙungiya ta ce ita kuɗin yashe kanal kawai take karɓa, haka ya dawo. Gefen gonar nan da muke cire buhunan alkama yanzu ko takalmi ka sa sai ya nutse, da rani kuma ƙasar ta yi fari kamar an barbaɗa kanwa, shi kuma ya dage sai ƙara taki yake yi, yana cewa takin zamani ne ya lalace.

Kar wani ya ce na zo Masar na ruɗe. Su ma suna da nasu, in ka bi ta gefen wasu manyan masraf ɗin sai ka toshe hanci, shara da ruwan masai da na kamfanoni duk a ciki, kuma don ruwa bai isa ba wannan ruwan ake ɗagowa da famfo a gauraya da na Nilu a sake ban ruwa da shi, sai a 2021 suka buɗe babbar matatar Bahrul Baƙar mai tace kubik mita miliyan 5.6 a rana. Masu shinkafa ma dattijon ya ce suna cusa buhu a bututun don ruwa ya tsaya musu, na kusa da su mai masara ya sha wahala, a yi ta faɗa. Halin manomi ɗaya ne ko'ina. Bambancin kawai in buhun ya toshe akwai injiniyan da sunansa ke kan wannan layin, zai zo da mota mai feshin ruwa ya buɗe.

Ni ba bututu nake roƙa mana ba, wannan kuɗi ne mai yawa. Kwatar da ke akwai a rubuta ta wa ce, daga nan zuwa nan ƙungiya kaza, babba kuma ta hukuma, a cire wani abu cikin kuɗin ruwan da ake karɓa a ajiye don yashe ta kafin a saki ruwan rani. Na faɗa wa kawu haka a waya, ya ce in na dawo da digirin in fara zuwa in cire wa maƙwabcin nan shinkafarsa tukuna mu gani.