Haƙƙin katikis ya riga katanga da fenti

Shawarar da kwamitin cocinmu ya yanke ranar Lahadi, cewa a ɗage biyan alawus ɗin malamanmu katikis na ƙauyuka har sai an gama katanga da fenti, shawara ce ta rashin adalci, kuma ban ga dalilin da zai sa mu yi shiru a kanta ba.

Tun da aka ɗaga Kano ta zama dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop na Katolika, a 1999, ƙasar da take riƙe da ita ta haɗa jihohin Kano da Jigawa gaba ɗaya, kuma Fada, wato firist mai yin Misa, shi kaɗai yakan ɗauki ƙauyuka da yawa a wuyansa. A yankunan Sumaila da Tudun Wada da Rogo akwai ƙananan majami'u da sukan yi makonni ba su ga Misa ba. A waɗannan makonni katikis ne yake buga tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye a bishiya don jama'a su taru, shi ne yake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, yake shirya yara domin baftisma da karɓar Jibin Ubangiji. Idan aka yi rasuwa ana tsakiyar noman farko, yakan ajiye fartanya a gonarsa, ya tura keke cikin taɓo, ya je ya yi jana'iza, ciyawa kuwa tana cin dawarsa. Wannan mutumin ne aka ce ya jira fenti ya bushe.

An ce mini aikin Allah ba a yin sa don kuɗi. Na yarda, amma ban ji an faɗa wa magini ko mai sayar da siminti wannan magana ba. An kuma ce katanga tsaro ce. To, a gina ta, amma a fara sauke haƙƙin mutane, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma iyalin katikis ma suna buƙatar taki da kuɗin makaranta da magani. A watan Mayun 2021 Fafaroma Francis ya kafa aikin katikis a matsayin hidima tabbatacciya a cikin Ikilisiya, mu kuma da muka fi kowa dogaro da su muna mayar da su ƙarshen lissafi. Baikon godiyar kaka da Zumuntar Mata suka kawo kwano-kwano, daga ƙauyukan nan ya fito, kuma katikis ne ya bi gida-gida ya tunatar da mutane.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancinsu sun manyanta. Samarinmu suna tafiya cirani Kano da Abuja, suna kuma ganin yadda ake yi wa iyayensu, saboda haka da wuya ka sami wanda ya yarda a tura shi horon katikis. Littattafan addu'a da na waƙa na Hausa ma sun yayyage a yawancin majami'unmu, kuma har yau kwamiti bai sa sayen sababbi a kasafinsa ba.